Maganar Likita Da Na Ɓoye Wa Rakiya

Har yau idan na je jana'iza ko ɗaurin aure a Roni, sai na sami wani dattijo ya nuna ni ya ce ga mutumin da ya yi jinyar matarsa makauniya shekara shida bai gaji ba. Ku ma 'ya'yana da wannan yabon kuka tashi, kuma na ga kuna alfahari da shi. Na bar ku a kansa domin ya fi mini sauƙi. Yanzu hannuna ya soma rawa, ban san iya shafukan da suka rage mini ba, saboda haka zan rubuta abin da ya faru a shekarar da idon mahaifiyarku ya tafi, yadda ya faru, ba yadda ake faɗa ba.

A lokacin ina malamin dabbobi a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta Kazaure. Aikina bin rugage ne da keke da akwatin allura, daga Roni zuwa Gwiwa, wani lokaci har iyakar Babura. Mahaifiyarku Rakiya kuwa ta kai shekara goma tana fama da ciwon sukari. Ya bayyana ne bayan haihuwar Sani, babbanku. Ƙishirwa ta kama ta, sai ta sha rabin tulu ta ce maƙogwaronta a bushe yake, ta rame har zobenta yana zamewa, kiyashi kuma suka riƙa taruwa a inda ta yi fitsari. A asibitin Kazaure aka dafa fitsarin da wani ruwa shuɗi a 'yar kwalba, muna kallo ya koma ja kamar jan ƙasa, aka ce daga ranar sai allura kullum. Ni nake yi mata da safe kafin in fita. In dafa sirinji a ƙaramar tukunya kamar yadda nake dafa na shanu, in ɗauko kwalbar maganin daga cikin jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa, ta miƙo cinya tana kawar da kai. An ce ta rage tuwo da fura. Amma a Roni ta wancan zamani idan ka cire tuwo da fura me ya rage? Kuma sau da yawa maganin yakan yanke, mu yi mako biyu ko uku muna jira. Duk da haka ba ta taɓa kwanciya ba. Ɗinkin hula take yi, kuma idonta ne jarinta. Matan unguwa sukan aiko da allura da zare ta zura musu, ta zura tana hira ko kallon kirki ba ta yi ba.

Da kakar shekarar, tana da cikin wata huɗu, cikin autarmu Safiya, na dawo na tarar da ita a tsakar gida ta ajiye hular a cinya tana kaɗa hannu a gaban fuskarta.

"Malam, duba mini, ƙudaje ne ko kuwa?"

"Ba ƙuda ko ɗaya a nan."

"To wasu baƙaƙen abubuwa ne ke yawo. In na bi su da ido sai su gudu, in na tsaya su dawo."

Ƙanwar mahaifina, Goggo Dije, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ta ce jiri ne na masu ciki, a sa tozali a sha rubutu. Aka sa, aka sha. Bayan kwana tara Rakiya ta tashi da safe ta ce idon hagu ya cika da jan hayaƙi, ba ta ganin komai da shi sai hasken ƙofa. Ranar kasuwa muka shiga mota zuwa Kano, ni da ita, muka nufi wani asibitin ido da ake yawan ambato.

Likitan Bature ne, tsoho, mai rawar murya, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Matar da ke yi masa tafinta ba ta zo aiki ba ranar. Da ya ji ina Turanci sai ya ce to madalla, ni zan riƙa mayar wa matata da abin da ya faɗa. Aka ɗiga mata magani, muka jira ƙwayar idon ta buɗe, ya ja labule, ya daɗe yana leƙa idanun da 'yar fitila, na hagu, na dama, ya sake komawa na dama. Da ya gama ya jawo takarda ya zana da'ira, ya juyo gare ni. Maganarsa na nan a kaina kamar jiya, domin shekara da shekaru ina maimaita ta.

"A can bayan ido akwai wani tantani siriri kamar ɓawon albasa, shi ke karɓar haske. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi sun fi gashin kai sirantaka. Kowace jijiya tana da ƙananan ƙwayoyin halitta da suka rungume ta daga waje suna riƙe da ita, kamar igiyar da ake ɗaure ƙwarya da ita. Sukari idan ya daɗe da yawa a jini yana kashe waɗannan ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Inda suka mutu jijiyar sai ta kumbura ta soma yoyo, wata kuma ta toshe gaba ɗaya. Wurin da jini ya daina kaiwa sai ya shiga yunwa, ya riƙa aika kira a kawo masa abinci. Jiki sai ya amsa, ya tsiro da sababbin jijiyoyi cikin gaggawa. Waɗannan sababbin su ne masifar. Ba su da ƙwari, tari ma yana iya fasa su, jini ya zuba cikin ruwan idon. Abin da ya sami na hagu ke nan, kuma ya riga ya yi tabo, tabon yana jan tantanin yana ɓamɓare shi. Wannan idon ba na sa rai da shi."

Na ce na daman fa? Ya ɗiga ɗige-ɗige a gefen da'irar da bakin alƙalami.

"Na daman sababbin jijiyoyin sun tsiro, amma ba su fashe ba tukuna. Akwai wata na'ura da aka kawo wani babban asibiti a kudu, tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa. Da haske mai ƙarfi ake ƙona gefen tantanin, wuraren da ke cikin yunwa, domin kiran ya yi shiru, jijiyoyin su bushe. Za ta rasa ganin gefe, ba za ta ga hanya sosai a duhu ba, amma tsakiyar zai iya tsira. Ba na yi maka alkawari. Sai dai ciki yana hanzarta wannan cutar, kuma idan jini ya riga ya zuba hasken ba zai ratsa ba. Kada ku wuce wata ɗaya. Gaya mata duka, idonta ne."

Rakiya na zaune a kan kujerar ƙarfe, hawayen maganin na bin kumatunta, ta juyo inda take jin numfashina.

"Me ya ce, Malam?"

"Ya ce jini ne ya taru, zai washe a hankali. Ya ce ki kiyaye abinci, mu dawo bayan kin haihu."

"Alhamdulillahi."

Likitan ya rubuta wasiƙa zuwa ga abokin aikinsa na kudu, ya liƙe ya miƙo mini, ya tambaye ni ko ta fahimta. Na ce ta fahimta.

Na sha tambayar kaina daga ina ƙaryar nan ta fito da sauri haka. Dalilan da na ba kaina a motar dawowa suna da yawa, kuma kowanne yana da kamar gaskiya. Mace mai ciki, mai sukari, kwana biyu a jirgi zuwa ƙasar da ba mu san kowa ba. Mahaifinta, Bafulatanin da ko allurar shanu sai da na yi shekara biyu ina lallashinsa, yaya zan ce masa za a sa wa idon 'yarsa wuta? In aka ƙona kuma ya mutu, wa zai yarda ba ni na kashe shi ba? Na ce wa kaina wata biyar ba wani abu ba ne, ta haihu tukuna, ta yi arba'in, sai in faɗa mata komai mu tafi. Duk waɗannan na yi tunaninsu, ban ƙirƙire su yanzu ba. Amma akwai wani dalili a ƙarƙashinsu da na ƙi kallo. Mako biyu kafin nan babban malaminmu ya kira ni ofis a Kazaure ya ce za a fara zagayen yi wa shanu allurar cutar bushiya da zarar an gama girbi, wata uku cur, kuma ni zan jagoranci ɓangaren Roni da Gwiwa har iyakar Babura. Ya ce idan na kammala lafiya, kujerarsa ce za a ba ni, domin shi ya kusa ajiye aiki. Shekara goma sha huɗu ina tuƙa keke a cikin yashi ina jiran wannan maganar. Tafiya kudu na nufin a ba wani zagayen, kuma wanda aka ba zagayen shi za a ba kujerar. Lokacin da Baturen ke zana ɗigensa, wallahi wannan ne ya fara faɗo mini a rai kafin cikin, kafin surukina, kafin komai.

Na tafi zagaye. Na roƙi malamin asibitin sha-ka-tafi na Roni ya riƙa zuwa yi mata allura, yana zuwa in ya sami dama. Ni kuma nakan leƙo gida duk bayan mako biyu, in kwana ɗaya in koma. Kowane zuwa sai in tarar ta matsa da hular kusa da fuskarta fiye da na baya, ta karkatar da kai tana ɗinki da ido ɗaya. Ba ta yi ƙorafi ba. Sau ɗaya ne ta ce mini,

"Malam, na hagun nan fa bai washe ba."

"Ai ya ce a hankali."

"Haka ne. Allah ya sa kafin suna."

Ina wata ruga a yammacin Gwiwa, da hantsi, mun kayar da wani bijimi ina huda masa kunne, sai ga maƙwabcinmu a kan keke yana haki. Ya ce in zo gida. Ban tambaye shi mene ne ba, na sani. Na iso da azahar na tarar da ita zaune a kan tabarma a tsakiyar rana, ba ta ma koma inuwa ba, Goggo na tsaye a kanta. Ashe da safe ta sunkuya za ta ɗaga tukunyar ruwa, ta yi atishawa, shi ke nan.

"Malam, kai ne? Na ji ƙarar kekenka."

"Ni ne."

"Ja ne kawai. Kamar an zuba mini zoɓo a ciki. Na wanke, na wanke, ya ƙi fita."

Washegari muka koma Kano, wannan karon har da Goggo, domin sai an riƙe Rakiya ta hannu biyu. Cikin ya shiga wata na bakwai. Tafintar tana nan ranar, wata nas Bakanuwa mai tsagar gado a kumatu. Likitan ya leƙa idon, bai daɗe ba ya ajiye fitilar. Ya tambaye ni da Turanci abin da aka ce a kudu. Na ce ba mu je ba, cikin ya yi nauyi, ba ta iya tafiya. Ya ƙura mini ido. Nas ɗin ma ta dube ni, sannan ta dubi Rakiya, ta sunkuyar da kai. Wannan tambayar da amsarta ba ta mayar da su Hausa ba, ban san ko tausayina ta ji ko na mahaifiyarku. Abin da ta mayar shi ne na ƙarshe: jini ya cika idon, ba abin da za a iya yi yanzu, a jira a gani ko zai janye, ta riƙa kwana da kai a ɗage, kuma ciki yana ƙara wa wannan ciwo gudu. Goggo ta tafa hannu.

"Ashe cikin ne! Ni dai na faɗa tun farko. Abin da ke cikin nan shi ya shanye mata ido."

Ina tsaye ina ji. Na ga an buɗe mini ƙofa, na bi ta cikinta na fita, na bar jaririyar da ba a haifa ba a ciki.

Jinin ya ɗan janye bayan haihuwa, har ta riƙa gane inda ƙofa take da inuwar mutum idan ya gifta. Muka ɗauka sauƙi ne. Kafin a yaye Safiya wannan ɗan hasken ma ya ɗauke, likitan ya ce tabon ya ɓamɓare tantanin, ko na'urar tana ɗakinsa ba ta da amfani yanzu. Safiya, mahaifiyarki ba ta taɓa ganin fuskarki ba. Ranar suna ta bi ki da yatsu daga goshi zuwa haɓa, ta tambayi Hauwa, yayarki, ko fara ce ke ko baƙa, ko hancin nata ne ko nawa. A cikin watan sunan takardar ƙarin girmata ta iso. Na koma ofis a Kazaure, aka ba ni tebur da babur, mutane suka yi ta zuwa taya murna, wasu su yi mini barka da kujera su juya su yi wa Rakiya jaje a zama ɗaya.

Abin da ake kira jinyar shekara shida ga yadda yake. Na ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa bayan gida da madafa. Ta ƙona hannu sau biyu, aka hana ta girki, Hauwa ta bar makaranta ta karɓa. Kayan ɗinkinta ta rabar da kanta, ta kira matan da take zura wa zare ɗaya bayan ɗaya tana ba su. Mace mai surutu da dariya ta koma zama a bakin ƙofa daga safe zuwa la'asar, tana tsinke zogale ko ɓarar gyaɗa, abin da hannu zai iya ba ido ba. Ni nake mata allura, ni nake yanke mata farce, ni nake kai ta gidan biki in jira a waje. Ban yi don alheri ba. Na yi ne domin in na zauna ba na yin komai maganar Baturen ke dawo mini. Shekaru da yawa bayan haka na tambayi wani matashin likitan ido, ba tare da na ce labarina ba ne, ko ƙonawar nan tana ceton ido. Ya ce ba wanda zai rantse a kan mutum ɗaya, amma idan an yi da wuri da yawa suna tsira da ganinsu, yanzu ma har allura ake yi a cikin idon da ke toshe kiran nan. Ke nan ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Watakila da mun je ma ya mutu. Watakila ita da kanta ta ce ba za ta je ba. Sai dai ba a tambaye ta ba, ni na hana a tambaye ta.

A shekarar ƙarshe ciwon ya sauka ƙafa. Wani ƙaramin gyambo ya fito mata a diddige ya ƙi warkewa, jikinta ya soma kumburi. Wata rana da la'asar ina durƙushe ina wanke mata gyambon da ruwan gishiri, gidan shiru, Goggo ta fita, yara suna waje, sai ta ce,

"Malam, in tambaye ka wani abu?"

"Ina ji."

"Ran nan na farko a Kano, Baturen nan ya daɗe yana magana. Har na ji ƙarar alƙalami yana zane. Kai kuma ɗan kaɗan ka faɗa mini. Haka Turanci yake, ko akwai saura?"

Ƙafarta na hannuna. Ba mai jin mu. Ba ta ganin fuskata, ba sai na ɓoye ta ba. Ban taɓa samun dama irin wannan ba, kuma na san ba zan ƙara samu ba. Na buɗe baki na ji na ce,

"Haka Turanci yake. Yana da tsawo."

Na ci gaba da matse tsumman a cikin ƙwarya.

"To. Shi ke nan. Dama ina tunani ne ko akwai abin da aka ce in yi ban yi ba." Ta ɗan nisa. "Tunda cikin ne, ba na nadama. Amma ka yi mini alkawari ɗaya. Ka hana Goggo faɗar maganar nan a gaban yarinyar. Jiya na ji ta tambayi Hauwa wai da gaske ita ta cinye idon Inna."

Na yi mata alkawari. Ta rasu kafin ruwan farko ya sauka, da rana, kanta a cinyar Hauwa. Alkawarin ma ban cika ba, domin hana Goggo na nufin in faɗi abin da ya sa maganarta ba gaskiya ba ce, sai na yi mata faɗa sau ɗaya sama-sama na bari. Goggo ta ci gaba da faɗa har ta mutu, ku kuka ɗauka kuna jifan ƙanwarku da ita idan kun yi faɗa, ita kuma ta girma tana tafiya a gefen bango a gidan ubanta. Ko hoton Innarku ba ta yarda ta rataya a ɗakinta, na lura, na kawar da kai.

Safiya, mahaifiyarki ta tafi tana zaton idonta ta bayar ta karɓo ki, kuma ta ce cinikin bai ɓata mata rai ba. Ba ita ta bayar ba, ba ke aka karɓa ba. Ni na bayar da shi, na karɓi tebur da babur, kuma na bar ki kina ɗauke da laifin shekara arba'in da wani abu. Ba na neman ki yafe mini a kan takarda. Idan kin karanta wannan ina raye, ki zo ki faɗa mini duk abin da ke bakinki, zan zauna in ji har ƙarshe.